Surukina Mai Sana'ar Mutuwa

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da surukina ya zube a tsakar gidana, ni kuma na miƙe tsaye na hana kowa ya taɓa shi. Har yau in na bi ta layin mahauta a Kasuwar Kilomita Biyar ta nan Bangi, babban birnin Afirka ta Tsakiya, sai wani ɗan banza ya dafe ƙirji ya yi kamar zai faɗi, 'yan'uwansa su kwashe da dariya. Ni kuwa in ɗauke kai kamar ban gani ba. Na gani sarai.

Bari in fara da kaina, don ku san daga wane tsayi na faɗo. Ni ban yi boko ba, ko sunana aka rubuta aka ajiye a gabana ba zan gane shi ba. Amma Allah Ya ba ni ido. Shekara da shekaru ina sayar da atamfa, daga nesa nake gane wadda za ta zuba a wankin farko. A zaman makoki ina kusurwa da carbina, amma ina sane da wadda kukanta ya fito daga ciki da wadda ta zo nuna sabon mayafi. Daga unguwar Yakite har ta Miskin, in za a ba da 'ya, sai an ce, “A kira Gwaggo ta duba mana yaron.” In na ce a'a, magana ta mutu. (An ce ina da tsanani. Ban musa ba. Mai faɗin haka ya nuna mini aure ɗaya da na hana aka yi da-na-sani.)

Zainabu 'yar ƙanena Alhaji Bala ce, amma ni na goye ta, don uwarta ta rasu tana jaririya. Lokacin rikicin da ya watsa mu, ita ta bi ta Kamaru, daga can ƙafa ta kai ta har Ingila, ta zama nas a wani asibiti. Kullum a waya maganar aure nake yi mata, har ya zama in na kira sunanta da wata irin murya sai ta ce layin ba kyau. Rannan ita ta kira da kanta, ta ce ta samu miji. Na rangaɗa guɗa. Ta ce Bature ne. Na haɗiye sauran guɗar. Ta ce ya haura hamsin, ya musulunta, an sa masa Haruna, kuma a wurin jinyar mahaifiyarsa suka san juna. Na ce to, sana'arsa fa?

“Gwaggo, ɗan wasan kwaikwayo ne. A talabijin yake yi, da kuma dandamali, a gaban mutane.”

Ta ce, “Baba ya ce maganar tana hannunki. In kin ce a'a, wallahi na haƙura, ba zan tsallake maganarki ba.” Na san Zainabu. Za ta haƙura ɗin. Amma daga ranar, abin da zai rage tsakanina da ita gaisuwar Salla ce, ita ma a gajarce. In kuma na ce e, ya zama mayaudari, ni na miƙa 'yar da na goya ga wanda zai yi mata wasa da rai a ƙasar da ba ta da kowa.

Bincike kuwa ba a yinsa a zaune. A nan gida sai in sa mayafi in je unguwar yaro, in sayi barkono wurin maƙwabciyarsu, kafin ta ƙulle mini ledar na ji tarihin kakansa. Landan ba a zuwa ta a ƙafa. Sai na ce wa Zainabu ta turo mini aikinsa a waya in gani da idona. Ta yi ta turowa. Na kira aminiyata Maman Odet, Kirista ce 'yar Miskin mai sayar da busasshen kifi, muka baje tabarma muka sa waya a gaba. Ba mai jin Ingilishi a cikinmu. Bai dame mu ba, don abin da muka gani ba ya buƙatar tafinta.

Mutumin nan mutuwa yake yi. Sana'ar ke nan.

(Kada ku ɗauka ni irin tsofaffin nan ce da ke kuka in an harbe mutum a fim. Na san wasa ne. Sanin ne ma ya kai ni ya baro.)

A na farko yana gadon asibiti, injin da ke kansa ya yi tiii, aka ja masa mayafi. A na biyu attajiri ne a wani ƙaton gida, ya kurɓi shayi, ya dafe ƙirji, ya tafi. A wani ɗan sanda ne, bai gama fitowa daga mota ba aka bindige shi. Akwai wanda ma tun farko gawa ne, an tsamo shi daga kogi, aikinsa duka ya kwanta a kan tebur da shuɗin leɓe, mutane biyu suna hira a kansa. Zainabu ta ce a wannan ma an yaba masa. A dandamali kuwa sarki ne da kambi, ana soka masa wuƙa kowace rana wata da watanni, ranar Asabar sau biyu, kuma kowane lokaci in an gama sai ya tashi ya karkaɗe riga ya rusuna, jama'a su tafa masa. Ta ce da ɗaukar tire ya fara tun yana saurayi, ya shigo ya ce abinci ya sauka, ya fita, shi ke nan maganarsa a wasan. Ya haura shekara talatin a haka, bai taɓa zama jarumin fim ba. A kanti sai mutane su tare shi su ce sun san fuskarsa, su yi ta tunani ko shi ne ya taɓa cire musu haƙori. Wuri ɗaya na ga ya kai ƙarshe da ransa, a tallar biskit.

Maman Odet ta share hawayen dariya ta ce, “Nzapa! Wayyo Allah! Hajiya, wannan ranar da ya mutu da gaske ba wanda zai haƙa kabari, kowa jira zai yi ya tashi.”

Ni ban yi dariya ba, aiki nake yi. Na maimaita kowace mutuwa har na haddace tsarinta. Hannun dama a ƙirji. Baki a ɗan buɗe, kamar akwai wasiyyar da ba ta samu fitowa ba. Gwiwar hagu ta riga zuwa ƙasa. Sannan ya kwanta a hankali ta gefe, fuska tana kallon mai kallo, ko gashi ɗaya bai hargitse ba. Na ce a raina, mutumin da ya iya mutuwa bai mutu ba, ai zai iya salla bai yi salla ba, ya iya so bai so ba. An sa shi ya yi sarki, an sa shi ya yi ɗan sanda. Me zai hana ya yi Haruna?

Suka zo Bangi ana tsakiyar zafin nan na kafin saukar ruwa, lokacin da ko kadangare inuwa yake nema. Shi aka sauke shi a gidan liman. Bayan kwanaki aka sa ranar da zai zo gaishe ni, bayan azahar. Gida ya cika, mata a tsakar gida, maza a zaure, yara a kan katanga suna ta ihun “Mbunzu! Mbunzu!”, wato Bature. Zainabu tana ƙuryar ɗaki yadda al'ada ta ce, ba leƙe ba motsi.

Alhaji Bala ya shigo da shi cikin babbar rigar shadda da ta sha sitati har tana iya tsayuwa da kanta, da hula da ta zauna masa a ka kamar murfin tukunyar aro. Fuskarsa ja wur kamar tattasai. Kun san yadda ake yi. Mai neman aure zai cire takalmi, ya tsuguna a gaban babba, kai a ƙasa, ba zai tashi ba sai an ce masa ya tashi. Yawanci kafin ya gama gaisuwa an nuna masa tabarma. Ni kuwa na sa an ajiye kujerata daidai bakin inuwar mangwaro, yadda duk wanda ya tsuguna a gabana rana za ta sauka a tsakiyar kansa. (Ba kuskure ba ne. Da safe na auna wurin.)

Ya tsuguna, gwiwoyinsa suka yi ƙara kowa ya ji. Sannan ya buɗe baki.

“Ina wuni, Gwaggo. Mun same ku lafiya? Yaya ƙarfin jiki? Allah Ya ƙara girma, Allah Ya ja kwana.”

Hausa tas, kamar daga rediyo. Jikokinmu da aka haifa a nan in ka gaishe su da Hausa da Sango, yaren gari, suke amsawa, ga Bature yana jero ta ba gargada. Mata suka ɗauki guɗa. Ni na ce a raina, hadda ce, ai aikinsa ke nan. Na dube shi na ce, “Me ka ci da safe?”

Ya ce, “Lafiya lau, alhamdulillahi.”

Na kalli Maman Odet, ta kalle ni. Na kama shi a zagayen farko.

Daga nan na shiga tambayoyi, Alhaji Bala yana juya masa da Faransanci, don Baturen yana ɗan taɓawa. Wane ne ubansa? Me ya raba shi da matarsa ta fari? Akwai hauka a danginsu? Raka'a nawa ce magariba? Yana amsawa, gumi yana ɗiga daga haɓarsa, bayan rigar ya jiƙe sharkaf. Alhaji Bala ya sunkuyo ya raɗa mini, “Yaya, ki ce ya zauna mana. Dattijo ne fa, gwiwarsa.”

Na ce, “Gwiwar da ke zubewa kullum a gaban jama'a? Ta saba.”

Can na ga ya fara karkarwa, haƙoransa suna haɗuwa, a cikin wannan ranar. Na ce oho, sabon salo. Ya ɗago kai kamar zai yi magana, sai kawai ya tafi ta gaba. Tim! Kamar an wurgo buhun garin rogo daga motar Kamaru. Fuskarsa ta daki kwanon kunun da aka ajiye wa baƙi, kunu ya fantsama, hula ta gangara ƙarƙashin kujerata, babbar rigar ta kife masa a ka, ƙafafu farare fat suka bayyana. Mata suka sa salati. Alhaji Bala ya zabura zai ɗaga shi.

Na miƙe, na gitta sandata a tsakani, na daka tsawa. “Kada wanda ya taɓa shi!”

To ga abin da ya fi ci mini rai har yau: sun ji maganata. Duk gidan nan, manya da yara, har da ƙanena mai furfura, kowa ya ƙame a inda yake. Da ni wata sakarya ce da ba a saurare, da an ture ni an wuce, da yau ba ni da labarin bayarwa.

Na gyara mayafi na fuskanci jama'a kamar mai wa'azi. Na ce, “Ku kwantar da hankalinku, sana'arsa ce. Ni na ga mutuwar mutumin nan iri-iri. Na ga ta asibiti, na ga ta shayi, na ga ta wuƙa. Odet, ƙarya nake yi?”

Maman Odet ta ce, “Mun gani kam, Hajiya, amma wannan kamar...”

“Ba kamar! Tausayi yake nema don a gajarta masa tambaya.” Na juya kansa. “Kuma in gaya maka gaskiya, Malam Haruna, wannan ce mafi muni a cikinsu. Ina dafe ƙirjin? Ina gwiwar hagu? Ko fuskar ba ka juyo mana ba. Raina mu ka yi don nan ba Landan ba ce? Can ka yi musu mai kyau, mu ka kawo mana kwantai?”

Wasu mata suka fara dariya, hankali ya kwanta. Na zungure shi da sanda a haƙarƙari. “Tashi ka rusuna, mun gani.” Har tafi na yi masa, a hankali, irin na gatse. Yaran kan katanga suka ɗauka, tafi ya cika gida. Wata kazata ta zo ta haye bayansa tana tsattsagar kunun da ya zuba a wuyansa, bai ko motsa ba. Na gyaɗa kai na ce, “To, nan kam ka yi ƙoƙari.”

Sai ga Zainabu ta faso daga ɗaki, ba mayafi, ba takalmi. Yarinyar da ko idona ba ta taɓa kallo ba, ta fizge sandata ta jefar can. Ta durƙusa ta yaye rigar, ta taɓa wuyansa, ta ɗaga fatar idonsa.

“Gwaggo, jikinsa wuta! Palu ne! Zazzaɓin sauro ne ya kayar da shi! Ruwa! Ku kawo ruwa!”

Ta yi ihun da Hausa, ta yi da Sango, ta yi da wani yaren da ban sani ba. Tafin nan ya mutu a hannun mutane. Ni kuwa ina tsaye, tafukana a haɗe, na rasa inda zan kai su.

Mota ba ta shiga lungunmu, ranar kuma an sauke kaya an toshe bakin hanya. A pus-pus aka ɗora shi, amalanken wani mai albasa, aka tura ta tsakiyar kasuwa, ƙafafunsa suna reto. Duk rumfar da aka wuce sai an tambaya me ya sami Baturen, yara suna biye suna ba da amsa: “Gwaggo ta ce wasa yake yi!” Kafin la'asar labarin ya kai Miskin, ya dawo da ƙari. Wai har na ce a maimaita.

Da yamma Alhaji Bala ya dawo daga asibiti. Bai zauna ba. Ya ce, “Yaya, likita ya ce da an ƙara jinkiri da sai dai wani zancen. Da ya cika a tsakar gidanki kina tafi, me za mu gaya wa Ingila?” Sannan ya faɗa mini abin da ya ƙarasa ni. Ashe tun shekaranjiya mutumin yake fama da zazzaɓi, ya ɓoye wa kowa, har Zainabu. Wai a sana'arsu in an tara mutane ba a fasa fitowa, ko da rarrafe ne. Wato wasan kwaikwayo ya yi mini kam, tun shigowarsa. Mai lafiya ya kwaikwaya, kuma na saya. Abu ɗaya na gaskiya da ya yi shi ne faɗuwar, ita ce kuma na ce ta jabu ce.

Kwana biyu ban leƙa ko zaure ba. Zainabu ba ta kira ba, ba ta aiko ba. Maman Odet ta zo ta zauna, lokaci-lokaci sai kafaɗunta su riƙa rawa. Na ce in dariya za ki yi, ki yi ta a fili, kada ta shaƙe ki a gidana in ce wasa ne.

Rana ta uku na sa aka kama kazar nan, na yi farfesunta, na ɗauka zuwa asibiti. Na same shi a kwance ana ƙara masa ruwa, ya faɗa, goshi da ƙulu inda kwano ya same shi. Zainabu tana gefen gado. Ta ce, “Sannu da zuwa, Gwaggo,” idonta a kan robar ruwan. Wannan gaisuwar ta fi mari zafi. Na ajiye kwano, na buɗe baki zan ba da haƙuri, abin ya maƙale. Ban saba ba, ban san ta inda ake farawa ba.

Shi ya cece ni. Ya yi wa Zainabu magana, ta juyo ta ce, “Wai ya ji an ce kin yi jawabi a kansa yana sume. Yana so ya ji abin da kika ce.”

Na ce, “Ki ce masa addu'a ce.”

Ba ta rufa mini asiri ba. Ta miƙe tsaye ta juya masa komai da Ingilishi, da gyaran mayafin, da zungurin, da tafin, har da muryata. (Ashe ita ma ta iya, zama da shi bai tashi a banza ba.) Ina jiran ya ɓata rai. Sai mutumin nan ya fashe da dariya, har robar ruwan tana rawa, har tari ya sarƙe shi. Da ya lafa ya yi doguwar magana yana share ido.

Zainabu ta ce, “Wai tun da ya fara sana'ar nan, masu rubutu a jarida da ƙyar suke tuna sunansa. Ko mahaifiyarsa ba ta kalli mutuwarsa duka ba, ke kaɗai ce. Kuma wai ba a taɓa yi masa yabo irin naki ba, da kika ce ta ƙaryar ta fi ta gasken kyau. Yana tambaya, wacce kika fi so?”

Tambayar aiki ce, dole in amsa tsakani da Allah. Na ce, “Ta shayin. Amma ya cika buɗe baki.”

Ta gaya masa. Ya daki katifa ya ce wai haka mai shirya fim ɗin ma ya ce. A nan ne na ga bakin Zainabu ya fara motsi, tana danne dariya da ƙyar.

Na ja kujera na zauna. Na ce, “Tambaya ɗaya ta rage. Me ya sa bai ce ba shi da lafiya ba, a ɗaga ranar?”

Wannan karon bai yi dariya ba. Ya dubi Zainabu, ya faɗi 'yan kalmomi. Ta sunkuyar da kai ta ce, “Wai na gaya masa sau ɗaya kike duba mutum. Ya ji tsoron in ya ɗaga, ba za a sake ba shi wata ranar ba.”

Na buɗe kwanon farfesu na tura masa. Na ce wa Zainabu, “Ki gaya wa ubanki ya sa rana.”

Ta ce, “Kin tabbata, Gwaggo? Ko a fitar da shi rana ki ƙara dubawa?”

Na ce, “Rufe mini baki, mara kunya.” Ta rungume ni a gaban mutane, abin da na hana ta tun tana ƙarama. Na ƙyale ta.

An ɗaura aure, sun koma. Har yanzu yana nan yana mutuwa, ana turo mini ina duba masa, kuma ya rage buɗe bakin. Mutanen unguwa ba su daina kirana duba samari ba, sai dai yanzu uwar yaro takan biyo shi da kujera da gorar ruwa, wai ko da za a buƙata.

Abin da na koya a tsufana shi ne, ƙarya ce take faɗuwa da tsari, ta zaɓi gefe mai kyau, ta gyara riga. Gaskiya da fuska take zubewa cikin kwanon kunu. Don haka yanzu duk wanda ya faɗi a gabana, ko na tabbata ɗan iska ne, ruwa nake fara zuba masa. Bincike ya jira ya farfaɗo.